SHEHU MUHAMMADU AL-MAGILI DA TUSHEN SHARI'A A FADOJIN ƘASAR HAUSA

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin sarakuna, wanda ya nuna mana wannan rana da sarautar ƙasarmu ta cika shekara 100. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya jiƙan magabatan da suka riƙe wannan gida kafinsa.

Bayan haka, jama'a, a ranar biki irin wannan tambura da algaita da dawaki ne ke ɗaukar ido. Amma a sauran kwanakin shekara, abin da ke kawo talaka ƙofar fada shi ne ƙara: iyakar gona, rabon gado, ɓarnar dabbobi, bashi ko igiyar aure. Saboda haka ya dace littafin nan ya keɓe shafi ga malamin da ya rubuta wa Sarkin Kano, fiye da shekara 500 da suka wuce, yadda ake zaman shari'a da yadda sarki zai tsaya tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi. Wannan malami shi ne Muhammadu ɗan Abdulkarimu Al-Magili.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Al-Magili wajajen shekarar 1440 a yankin Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Sunan da aka san shi da shi ya samo asali ne daga Magila, wata ƙabila ta Barbar ɗin Afirka ta Arewa. Tilimsan a wancan zamani birni ne na malamai da fatake, kuma ayarin raƙuma kan tashi daga can ya ratsa hamada zuwa ƙasashen baƙar fata. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman As-Sa'alibi, babban malamin tafsiri na birnin Aljiyas, da kuma wurin Yahaya ɗan Yadiru, wanda ya yi alƙalanci a Tuwat. Ya ƙware a fikihun mazhabar Malikiyya, da tafsiri, da hadisi, da mandiƙi, wato ilimin auna hujja. Har gardama ta rubutu ta shiga tsakaninsa da Imamu Suyuɗi na Masar a kan mandiƙin nan: Suyuɗi yana hana karanta shi, Al-Magili kuwa yana ganin makami ne na gane gaskiya.

RIGIMAR TUWAT

Daga Tilimsan ya koma Tuwat, wani jerin garuruwan dabino a tsakiyar Sahara, zangon ayari tsakanin arewa da kudu. A garin Tamanɗit akwai Yahudawa masu ciniki da ƙira, suna da wurin ibadarsu tun da daɗewa. Al-Magili ya yi fatawar cewa sun karya sharuɗɗan amanar da ke tsakaninsu da Musulmi, kuma wajibi ne a rushe wurin ibadar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, bai yarda ba. Aka aika da tambaya zuwa ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis, kansu ya rabu: At-Tanasi da As-Sanusi suka goyi bayan Al-Magili, waɗansu suka tsaya tare da alƙali. Daga ƙarshe mabiyansa suka rushe wurin, aka zubar da jini, Yahudawa da yawa suka watse. Wannan babi ne mai nauyi a tarihinsa, kuma ya nuna mana halinsa: mutum ne mai zafi, wanda in ya riƙe ra'ayi ba ya sakinsa. Bayan wannan tarzoma ne ya fuskanto kudu.

ABZIN, KANO DA KATSINA

Ƙasar da ya fara sauka a cikinta ita ce Abzin, wato cikin Nijar tamu ta yau. Ya zauna a Tagidda, yamma da Agadas, ya gana da sarkinta, ya karantar. Malami Ahmadu Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, shi ya adana mana labarin wannan tafiya da sunayen waɗansu almajiransa. Cikinsu akwai Al-Aƙibu Al-Anusammani, wanda ya zama babban mai fatawa a Abzin, da Aida Ahmadu At-Tazakti, wanda bayan ya yi hajji da karatu a gabas ya zauna Katsina, sarki ya naɗa shi alƙali, ya rasu a can wajajen 1530. Ashe ke nan ɗaya daga cikin alƙalan Katsina na farko da tarihi ya riƙe sunansu, a ƙasar Abzin ya zauna gaban Al-Magili.

Daga nan Shehun ya zo Kano da Katsina. A Kano ya tarar da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sarkin da ya gina Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano. Birni ya bunƙasa, baƙi sun yi yawa, ciniki ya haɓaka, kuma inda dukiya ta taru, nan ƙara take taruwa. Rumfa yana bukatar tsari, ga shi Allah ya kawo masa mai tsarawa. Har yau Sharifan Kano suna danganta asalinsu da Al-Magili ta wajen ɗansa Isa, wanda ake kira Sidi Fari.

ABIN DA YA RUBUTA WA RUMFA

Littafin da ya fi shahara cikin abin da ya bar wa Kano shi ne Tajuddini, ƙaramin littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya fara da gyaran niyya da kamun kai, sa'an nan ya bi ta kan tsarin ma'aikata, da tsaro, da binciken al'amura, da adalci, da hanyar tara dukiya, da hanyar kashe ta. Gargaɗi guda ya yi ta maimaitawa a cikinsa, a kan masifar da ke aukuwa idan sarki ya shige cikin gida, talakawa suka rasa hanyar ganinsa.

A wajen ma'aikata, ya lissafa waɗanda mulki ba ya tsayuwa sai da su: waziran da ba sa tsoron kowa sai Allah, alƙalai amintattu, shaidu adilai, marubuta da masu lissafi, masu duba kasuwa, da masu tsaron gari. Wato shari'a a wurinsa aiki ne na mutane da yawa, kowa da gurbinsa.

A wajen zaman hukunci, ya ce a daidaita masu jayayya biyu tun daga shigowarsu, da wurin zamansu, da kallon da ake yi musu, da maganar da ake yi da su. Ba a karɓar shaida sai ta mutumin kirki wanda ba a tuhumarsa da son kai a cikin maganar. Wanda aka zarga da laifi irin sata, ya raba shi gida uku: mutumin da kowa ya san nesa yake da irin wannan aiki, ba a taɓa shi, wanda ya shahara da ɓarna, a tsare shi a tsananta bincike, wanda ba a san halinsa ba, a riƙe shi har al'amarinsa ya bayyana. Ya kuma ɗora wa sarki nauyin bin diddigin waɗanda ke kurkuku, da dukiyar marayu da masu riƙonta, da gadon da ba a raba ba.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne ɗaukaka ƙara. Ya wajabta wa sarki ya zauna kullum a inda kowa zai iya isa gare shi, har mata da yara, kada ya ce ai ya naɗa alƙalai sun isa, domin sau da yawa kukan talaka a kan alƙalan ne da hakimai. A wajen dukiya kuwa, ya haramta karɓar kuɗi don naɗa alƙali, ya haramta rashawa, ya yi kashedi da kyautar da ake kai wa mai mulki, saboda wanda ya sayi kujerar shari'a, a jikin talaka zai fanshe.

Akwai kuma wata gajeriyar wasiƙa da ya rubuta wa Rumfa a shekarar Hijira 897, wadda ta yi daidai da 1491 zuwa 1492, lokacin da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi. A cikinta ya bai wa sarki damar hukunta masu ɓarna gwargwadon abin da zai tsawatar da su, da sharaɗin kada son zuciya ya shiga, kuma kada a ware kowa saboda malantarsa ko asalinsa ko sarautarsa.

GAWO DA ƘARSHEN RAYUWARSA

Daga ƙasar Hausa ya wuce Gawo, babban birnin daular Songai, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493. Askiya ya yi masa tambayoyi 7, shi kuma ya amsa a rubuce. Amsoshin sun taɓo malaman da ke halatta wa sarakuna abin da suke so, da algus da tauye mudu a kasuwa, da al'adar waɗansu ƙabilu ta bai wa ɗan 'yar'uwa gado a hana 'ya'yan mamaci. Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke birnin, amma Alƙali Mahmudu ɗan Umaru na Tambutu ya nuna cewa waɗannan ba su da hannu a kisan, aka sake su. A nan ma akwai darasi: ƙa'idar da ya koyar ta yi aiki a kansa shi kansa a ranar da baƙin ciki ya rinjaye shi. Ya koma Tuwat, ya rasu a can a shekarar Hijira 909, wato wajajen 1504. Kabarinsa yana nan ana ziyartarsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

GADON DA YA BARI

Rubutunsa bai mutu da shi ba. Bayan shekara 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun kafa hujja da littattafansa, sun kwafi sassa masu yawa a cikin nasu. Sarakunan Haɓe da aka yi jihadin 1804 a kansu, su ma a fadojinsu akwai alƙali da liman da malaman fada tun kafin wannan lokaci. Don haka gadon Al-Magili na kowa ne. Lokacin da gidan sarautar Daura ya baro birni ya yo arewa, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure da Magarya, a inuwar Damagaram, daular da ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. A duk waɗannan fadoji tsarin guda ne: mai gari ya sasanta, alƙali ya yanke, sarki ya saurari wanda bai gamsu ba.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Dokokin 1903 da 1912 suka tsara kotunan 'yan ƙasa a yankunan mulkinsu na Afirka ta Yamma, suka sa su ƙarƙashin idon kumandan. A 1946 aka ɗauke hukuncin laifuffuka daga waɗannan kotuna. Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar 1962 ta tsara kotunan Nijar, ta bar wa al'ada gurbinta a sha'anin aure da saki da gado, tare da masana al'ada da ke zama kusa da alƙalin gwamnati. Dokar sarautar gargajiya ta 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2015, sun tabbatar wa sarakuna ikon sulhu. Dokar karkara ta 1993 kuma ta ce rigimar ƙasa ba ta zuwa kotu sai an fara neman sasantawa a gaban sarakunan gargajiya, an rubuta abin da aka cimma a takarda.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Takobin hukunci ya bar fada, amma tabarmar sulhu tana nan a shimfiɗe. Manomin Kwaya da makiyayin da ya ratso ta Dungas, in sun saɓa, ƙofar sarki suke fara zuwa. Abin da Al-Magili ya shardanta wa Rumfa shi ne har yau suke nema: a zaunar da su daidai, a ji shaidar gaskiya, kada goron wani ya fi na wani nauyi, kuma ƙofa ta kasance a buɗe.

Sauran aiki guda. Ilimin shari'ar fada yawancinsa a ka yake. Tsofaffin alƙalai da malaman fada sun karanta Risala da Muhtasar da Tuhfa a zaure, amma sanin burtali da iyakokin gonaki, da yadda aka kashe wutar rigimar gidaje, daga bakin iyayensu suka ji shi. Kowane dattijo da ya kwanta dama, da nasa kason yake tafiya. Da Ahmadu Baba bai ɗauki alƙalami ba, da sunan alƙalin Katsina na wancan zamani ya ɓace. Ya kamata masarauta da 'yan boko da ma'aikatan rediyo su haɗa hannu, a zauna da waɗanda suka rage, a ɗauki muryarsu, a rubuta, a ajiye a fada, domin masu bikin shekara 200 su sami abin dogara.

Allah ya ba sarakunanmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Amin.