Ayuba Sulaimanu Jallo, Bawan Da Ya Koma Gida

Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ranar da malaminmu na tarihi ya ajiye alli ya ba mu labarin wani Bafillace mai suna Ayuba. A lokacin tatsuniya na ɗauke shi. Sai da kasuwancina ya karye, bashi ya yi mini katutu, sannan na sake nemo labarin na karanta da idon basira.

An haifi Ayuba wajen 1701 a ƙasar Bundu, cikin Senegal ta yanzu. Mahaifinsa babban malami ne, shi ma ya haddace Alƙur'ani. Wajen 1730 mahaifin ya aike shi bakin Kogin Gambiya ya sayar da bayi biyu, ya sayo takarda. Kafin ya koma gida wasu Mandingo suka kama shi, suka aske masa kai da gemu, suka sayar da shi ga Baturen jirgin da ya fara tayawa. Wanda ya je sayarwa, shi aka sayar. Ya aika gida, amma kafin fansa ta iso jirgi ya tashi.

A Maryland ta Amurka aka sa shi aikin gonar taba. Da jikinsa ya kasa, aka mai da shi kiwon shanu. Yakan shiga daji ya yi salla, wani yaro na binsa yana watsa masa ƙasa. Ya gudu, aka kama shi aka kulle. A kurkuku wani lauya, Thomas Bluett, ya ga yana rubutu ya gane mai ilimi ne.

Daga baya Ayuba ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci. Wa zai ce za ta yi amfani? Ba ta isa Bundu ba, amma a Landan ta faɗa hannun James Oglethorpe, wanda ya sa aka fassara ta a Oxford, tausayi ya kama shi. A 1733 aka kai Ayuba Ingila, masu hali suka tara kuɗi aka 'yanta shi. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku.

A 1734 ya sauka Gambiya, sai ya ji mahaifinsa ya rasu, ɗaya daga matansa ta yi aure. Bai zarge ta ba. Ya koma Bundu, ya rayu har 1773.

Abin da na koya shi ne, haƙuri ba naɗe hannu ba ne: Ayuba ya riƙe sallarsa, ya kuma rubuta wasiƙarsa. Haƙuri bai dawo masa da kome da kome ba, amma ya dawo da shi gida. Duk wanda ƙafarsa ta zame a cikinmu, kada ya ɓuya. Ya rubuta tasa wasiƙar, ƙungiya na nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.