Alhaji Alhassan Ɗantata, Attajirin Gyaɗa

Ya kai manomi, ga tarihin wani attajiri. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya tashi da fataucin goro daga Gwanja. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja. Ya riƙa ba dillalai jari bisa amana, suna sayowa daga manoma, har buhuna suka zama dala. Ya rasu a 1955.

Bayansa, farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin, dalar ta ɓace. Ka lura: arzikin ɗan kasuwa daga gonarka yake fitowa. Ka riƙe amana, ka kula da ƙasarka.