Persibal Pott, likitan da ya tsira da ƙafarsa

An haifi Persibal Pott a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekarar 1714. Yana da shekara 15 aka danƙa shi ga Edward Nourse, likitan fiɗa na asibitin Sant Bartolomi, domin ya koyi aiki. A nan ya zama cikakken likita a 1749, bai bar wurin ba sai 1787.

A watan Janairu na 1756, cikin tsananin sanyi, doki ya kayar da shi a kan hanya, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. Masu karatu su tuna cewa a lokacin nan babu maganin sa barci, babu kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta. Irin wannan karaya takan ruɓe ta kashe mai ita, shi ya sa likitoci kan gaggauta yanke ƙafar. Pott ya ƙi a saka shi cikin keken doki, don kada girgiza ta ƙara yaga naman. Ya sayi ƙyauren ƙofa, aka kafa masa sanduna, aka ɗauke shi a kwance har gida. Abokan aikinsa sun riga sun yanke shawarar cire ƙafar, sai tsohon malaminsa ya iso, ya duba raunin, ya hana. Aka ɗora ƙashin, ya kama.

Zaman jinya ne ya sa shi riƙe alƙalami. Daga baya ya rubuta littafi a kan karaya da gocewar ƙashi, inda ya bayyana karayar idon sawu: siririn ƙashin waje ya karye kaɗan sama da gaɓar, jijiyar gefen ciki ta tsinke, tafin ƙafa ya karkace waje. Ya koyar da a lanƙwasa gwiwa domin tsoka ta saki kafin a mayar da ƙashi. Likitocin Ingila na kiran wannan karaya da sunansa, ko da yake ba ita ce ta same shi ba. Na Faransa kuwa da sunan Dupuytren suka san ta.

Yau, idan ƙasusuwan sun goce, akan buɗe wurin a ɗaure su da farantin ƙarfe da kusoshi. Amma abin da Pott ya gani bai sake ba: gaɓar da aka ɗora a karkace takan lalace, ta bar mutum da ciwo da ɗingishi. Fiɗar ma tana da haɗarinta, don fatar idon sawu ba ta da kauri, rauni na iya yin mugunya, musamman ga mai ciwon suga.

A 1775 ya gano cewa baƙin hayaƙi ne ke jawo ciwon dajin fatar maraina ga masu share bututun hayaƙi, a 1779 kuma ya bayyana ciwon ƙashin baya wanda tarin fuka ke haddasawa. Ya rasu ranar 22 ga Disamba 1788, da ciwon huhu.