Lord Kelvin, Mutumin da Ya Nemo Ƙarshen Sanyi

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Kogin Hadejia ya san yadda masunci ke gwada zurfin ruwa. Sai ya caka gora ta taɓa ƙasa, sa'an nan ya san inda yake. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a yau irin wannan aiki ya yi wa zafi da sanyi, gama shi ne ya nuna inda ya kamata a fara ƙirga su.

Sunansa na yanka William Thomson. An haife shi ran 26 ga Yuni 1824 a Belfast, cikin ƙasar Ayalan. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Mahaifinsa, malamin lissafi, ya koma da iyalinsa Glasgow a Sikotilan, inda yaron ya shiga jami'a yana shekara goma. Bayan ya yi karatu a Cambridge, aka naɗa shi farfesa a Glasgow a 1846, yana shekara 22, ya kuwa riƙe wannan kujera har 1899. Mutum ne mai tsoron Allah, wanda ya saba buɗe darasinsa da addu'a.

A zamaninsa, kamar yau, ma'aunin Salshiyas yana sa sifiri a inda ruwa ke daskarewa. Amma wannan ba ƙasan kogi ba ne, domin akwai sanyin da ya fi ƙanƙara nesa. A 1848 Thomson ya kawo ma'aunin da bai dogara ga ruwa ko wani abu ba, wanda sifirinsa yake daidai inda sanyi ya ƙare. Zafi dai motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa kowane abu. Idan abu yana sanyi motsin yana raguwa, har ya kai inda ba sauran abin ragewa. Wannan wuri shi ne digiri 273.15 ƙasa da sifirin Salshiyas. Masana sun matsa kusa da shi ƙwarai, amma ba wanda ya taɓa kai wa.

Lissafinsa ba wuya. A ƙara 273 a kan Salshiyas, an sami kelbin. Ruwa yana daskarewa a 273, yana tafasa a 373. Ranar bazara da ta kai digiri 40 a Hadejia, wato 313 ke nan. Sanyin hunturu na asuba da ke sa mu lulluɓa da bargo, ko da ya sauka zuwa digiri 12, yana nan a 285, nesa da ƙasa.

Thomson ya kuma yi aikin shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atlantika. Ta 1858 ta lalace cikin 'yan makonni, amma bai yi zuciya ba. A 1866 aka yi nasara, Sarauniya Victoria kuwa ta ba shi girmamawa. A 1892 aka naɗa shi Lord, sai ya ɗauki sunan Kelvin, wani kogi da ke gudana kusa da jami'arsa. Mu mutanen bakin kogi mun fahimci wannan.

Sai dai ko gwani yakan yi tuntuɓe. Ya lissafa shekarun duniya daga yadda take hucewa, ya tsaya a kan miliyan 20 zuwa 40. Binciken da ya biyo baya ya nuna ta kai wajen biliyan huɗu da rabi. Lissafinsa tsaf yake, amma akwai abin da ba a sani ba tukuna game da cikin ƙasa. Wannan abin lura ne ga kowane malami a cikinmu.

Ya rasu ran 17 ga Disamba 1907, aka binne shi a majami'ar Westminster a Landan, kusa da Isaac Newton. A 1967 taron ma'aunai na duniya ya tsai da sunan kelbin, da alamar K. Idan kun je kasuwa sayen ƙwan fitila, ku duba kwalinsa. In kun ga 6500K, farin haske ne. 2700K kuwa mai ɗan ja ne. Wannan K ɗin sunan marayan Belfast ne.