Waiwaye: Rashidi Yekini, ɗan Kaduna da ya riƙe raga yana kuka

 A filinmu na waiwaye na wannan mako mun ɗauko tarihin wani ɗan ƙwallon ƙafa wanda da yawanmu muna ƙanana lokacin da yake tashe, amma mun tashi mun tarar da sunansa a bakin yayyenmu. Shi ne marigayi Rashidi Yekini.

An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba 1963. Iyayensa Yarbawa ne, asalinsu garin Ira da ke jihar Kwara ta yau, amma shi a Kaduna ya girma. Can ya fara buga tamola, har ƙungiyar masaƙar UNTL ta ɗauke shi a farkon shekarun 1980. A zamanin, manyan kamfanoni a Najeriya kowanne na da ƙungiyarsa, kuma ta nan ƴaƴan talakawa ke samun hanyar fitowa.

Daga Kaduna ya wuce Shooting Stars ta Ibadan a 1982. Da su ya je wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke su. Ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, sannan a 1987 ya tsallaka Abijan, ƙungiyar Africa Sports. Dattawanmu da suka yi ci-rani a Kwaddibuwa a waɗannan shekaru sun san yadda garin ke rabuwa biyu in Africa za ta kara da ASEC. A wannan fage Yekini ya yi shekara uku yana zura ƙwallaye, har Turawa suka hango shi.

Aikinsa a fili ɗaya ne. Shi ɗan gaba ne mai lamba tara, dogo, ƙaƙƙarfa, mai gudu, ga harbi mai nauyi. Ba mai yawan yanka ba ne. Yakan tsaya dab da ƴan baya, yana jiran a jefo masa ƙwallo a bayansu, ya zabura ya karɓa, ya buga. Irin wannan ɗan wasa cinsa na hannun abokansa, in ba a miƙo masa ba sai ya yi minti casa'in yana yawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1990 ya tafi Fotugal, ƙungiyar Vitória de Setúbal. Ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, shi kuma a kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34, ta dawo rukunin farko. Kaka ta gaba ya ci 21, ya fi kowa a ƙasar baki ɗaya, har da ƴan wasan Benfica, Porto da Sporting. A 1993 hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan kambu.

Da rigar ƙasa kuwa, haƙuri ya sha kafin ya ci riba. Najeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984, 1988 da 1990, duka ta faɗi, sau biyu a hannun Kamaru, sau ɗaya a hannun Aljeriya. A 1992 a Senegal ta zo ta uku, shi ya fi kowa cin ƙwallo da guda huɗu. Sai 1994 a Tunisiya, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof: ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya. Najeriya ta doke Zambiya 2-1 ta ɗauki kofi, aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa taka rawa a gasar.

Wata biyu bayan haka sai ranar da kowa ke tunawa. Talata 21 ga Yuni 1994, a birnin Dallas na Amurka, wasan farko da Najeriya ta taɓa bugawa a gasar kofin duniya, da Bulgeriya. A nan wajenmu dare ya yi nisa, masu rediyo sun kasa kunne. Minti na 21 Finidi George ya shimfiɗo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga. Bai tsaya ba, ya bi ta ciki, ya cusa hannuwansa cikin zaren ragar ya damƙe, yana girgizawa yana ihu, ido ya cika da ƙwalla. Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, ya ƙara ta biyu, Emmanuel Amunike ya cike ta uku. Hoton nan na Yekini cikin raga har gobe ana nuna shi duk lokacin da ake maganar Afirka a kofin duniya.

To amma wannan ita ce ƙwallonsa ta farko kuma ta ƙarshe a gasar. Italiya ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu da ci 2-1, Roberto Baggio ya ci duka biyun. An daɗe ana ce-ce-ku-ce cewa hassada ta shiga tsakanin ƴan wasan, aka rage ba shi ƙwallo. Wasu sun gaskata, wasu daga cikin abokan wasansa sun musanta. Abin da ke fili shi ne daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. Ya je Olympiacos ta Girka bai daɗe ba, ya je Sporting Gijón ta Sifaniya abin bai yi armashi ba. Ya koma Setúbal, ya je Zurich, Bizerte ta Tunisiya, Al-Shabab ta Saudiyya, ya sake dawowa Africa Sports. Najeriya ma ba ta buga kofin Afirka na 1996 da 1998 ba, saboda janyewar da gwamnatin Abacha ta yi da hukuncin da ya biyo baya. Ya je kofin duniya na 1998 a Faransa, mafi yawa daga benci. Ya bar wa ƙasarsa ƙwallo 37, kuma har ya koma ga Allah babu wanda ya kai wannan adadi. A gida ya ƙarasa, da Julius Berger, sannan Gateway a 2005, yana ɗan shekara 41.

Bayan ya ajiye takalmi ya zauna Ibadan. Bai nemi aikin koci ba, bai shiga siyasa ba, ba a cika ganinsa a taro ko a talabijin ba. Yana zaune kusan shi kaɗai, yana zuwa filin wasa motsa jiki. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da kyauta da gudun fitina. Daga baya jaridu suka fara kawo labarin cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa. A 2012 danginsa suka ɗauke shi daga gidansa da nufin nema masa magani, ba a jima ba ya rasu, ranar Juma'a 4 ga Mayu 2012, yana da shekara 48. Aka yi masa sutura a Ira. Bayan rasuwar an yi ta jayayya a jaridu kan halin da ya shiga a kwanakinsa na ƙarshe. Yabo ya kwararo daga ko'ina, daga manyan da ba su leƙa shi ba yana raye.

Jama'a, nan ne abin ya shafe mu. Mutumin da miliyoyi suka kwana suna kiran sunansa ya ƙare kwanakinsa a kaɗaice. Duniya rawar ƴan mata, na gaba ya koma baya. Mu ma a garuruwanmu muna da irinsu: wanda ya yi shekaru a Libiya ko Aljeriya ko Legas yana aiko wa gida, ya dawo ya yi shiru, ya daina zuwa majalisa, barci ya gagare shi. Sai mu ce girman kai ne, ko an yi masa sammu, ko mu bari sai abin ya yi tsanani mu ɗaure shi. Ciwon damuwa da taɓin ƙwaƙwalwa cuta ce kamar hawan jini, tana da magani, kuma tana jin magani in an tare ta da wuri. Addu'a ba ta hana zuwa likita. A fara da asibitin kusa, in ya fi ƙarfinsu su tura Damagaram. Kafin nan, a zauna da mutum, a ci abinci tare, a tambaye shi ra'ayinsa, kada a yi masa ta ƙarfi sai in babu makawa.

Ku kuma matasanmu masu buga tamola da yamma bayan makaranta, kuna mafarkin Turai, ku duba lissafin: Yekini ya yi sama da shekara ashirin yana wasa, abin da ƙalilan ke samu, amma duk da haka ranar ajiye takalmi ta zo. Ku haɗa da karatu ko sana'a. Ƴan uwa na waje, in kun san wani namu da ya yi shiru kwana biyu, ku buga masa waya yau.

Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya gafarta masa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.