Arthur Coningham: Jagoran jiragen saman da suka fara sauka a Kano da Kaduna

An haifi Arthur Coningham ranar 19 ga Janairu, 1895, a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya, amma a New Zealand ya girma. Ya fara aikin soja a rundunar ƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin a 1916 ya koma tuƙin jiragen yaƙi na Birtaniya.

Sunansa ya shiga tarihin Najeriya ne a 1925. Ranar 27 ga Oktoba ya jagoranci jirage uku ƙirar DH.9A daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka ratsa Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, sannan suka isa Kaduna ranar 6 ga watan. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya.

Babban haɗarin tafiyar yana wajen sauka. Jiragen wancan zamani tayoyi biyu gare su a gaba, wutsiya kuma tana jan ƙasa a kan wani ɗan tokari, ba su da birki. Da yake nauyin jirgin yana bayan tayoyin, da zarar iska ta bugo shi daga gefe ko matuƙi ya yi jinkirin gyara shi, sai wutsiya ta zagayo gaba, jirgin ya juya a wuri ɗaya, fiffike ya daki ƙasa. Idan kuwa tayoyi suka faɗa rami ko yashi mai laushi, sai ya kifa da hanci. Ga shi hancin a ɗage yake, yana tare wa matuƙi ganin gabansa. Wannan matsala har yau tana janyo haɗurra ga ƙananan jirage masu taya a wutsiya.

A irin wannan hali ayarin ya riƙa sauka a filayen da aka share da hannu, nesa da kayan gyara, inda karyewar ƙafar jirgi ɗaya ta isa ta watsa shirin. Duk da haka, jiragen uku sun koma Helwan ranar 19 ga Nuwamba, bayan tafiyar kimanin mil 6,500, ba tare da an sauya inji ba. An ba Coningham lambar yabo.

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi sun bi kusan wannan hanya ta Kano da Maiduguri zuwa Masar, inda Coningham yake jagorantar rundunar saman da ke yaƙi a hamada. Daga baya ya jagoranci wata rundunar a farmakin Normandy na 1944, ya yi ritaya a 1947.

Ranar 30 ga Janairu, 1948, jirgin fasinja mai suna Star Tiger da yake ciki ya ɓace a tekun Atlantika kusa da Bermuda, ɗauke da mutum 31. Ba a gano jirgin ba. Ya rasu yana da shekara 53.