Marigayi Malam Aminu Kano da Gwagwarmayar Nema wa Mata Ƙuri'a

 

Filin wannan mako zai waiwayi rayuwar wani malami wanda mutane da yawa suka fi saninsa da siyasa, alhali kuwa tushen siyasar tasa karatu ne, watau marigayi Malam Aminu Kano. A cikin abubuwan da ya yi jayayya a kansu, babu wanda ya jawo masa zargi kamar cewar da ya yi mace ta cancanci jefa ƙuri'a, kuma talaka da basarake, baƙi da fari, duk daraja ɗaya gare su a wurin shari'a. Ba daga Ingila ya ɗauko hujjarsa ba, daga littattafan da ke cikin zauren mahaifinsa ya ɗauko ta.

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne a kotun alƙali, daga zuriyar Fulani Gyanawa, waɗanda aka sani da ilmin fiƙihu da alƙalanci. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma 'yar gidan malamai ce, kuma a hannunta ya fara karatun Alƙur'ani kafin ta rasu yana ƙaramin yaro. Wanda mace ta ɗora masa harafin farko, da wuya wani ya zo daga baya ya gamsar da shi cewa mace ba ta da hankalin da za ta bambance shugaba nagari da mugu.

Ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, masanin Larabci mai kaifin harshe, wanda ya ƙara wasa masa tunani, da kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi Jami'ar London ƙaro ilmin koyarwa, da ya komo kuma ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Hukuma ta ga bakinsa ba ya shiru, sai ta mai da shi kwalejin horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato na wancan zamani. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga watan Agusta na wannan shekara, ya kuma zama shugabanta a 1953.

To, wace irin ƙasa ce ya tarar? Ƙasa ce mai hawa-hawa. A sama akwai Bature, da unguwarsa dabam, da kulob ɗinsa dabam, da asibitinsa dabam, albashinsa kuma ya ninka na baƙar fata ko da karatunsu ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai En'e da sarakuna da hakimai. A ƙasa akwai talaka mai biyan haraji da jangali, mai aikin tilas, wanda ke tuɓe takalmi ya faɗi ƙasa in mai sarauta zai wuce. A ƙarƙashin talakan ma akwai wanda ake goranta wa cewa kakansa bawa ne. Can ƙasa da kowa kuma sai mace, wadda ba a ƙirga ta ko da a cikin masu kuka.

Malam Aminu ya ɗauki waɗannan duka a matsayin cuta guda. Ya karantar da cewa wanda ya ƙi wulaƙancin Bature saboda launin fata, amma ya yarda da wulaƙanta ɗan'uwansa saboda asali, ko matarsa saboda halittarta, bai ƙi zalunci ba, ya dai ƙi a yi masa ne. Wannan kuwa shi ne abin da aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta tabbatar, inda aka sanya tsoron Allah kaɗai ya zama ma'aunin fifiko, kuma shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nanata a hajjinsa na ban kwana, da ya kore fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da na fari a kan baƙi. Saboda haka Malam ya riƙa koya wa almajiransa cewa rusunawa da goshi a ƙasa haƙƙin Allah ne Shi kaɗai.

Batun ƙuri'ar mata shi ne ya fi zafi. Matan Jihar Gabas sun fara jefa ƙuri'a a 1954, a zaɓen tarayya na 1959 kuwa matan Kudu gaba ɗaya sun jefa, amma na Arewa suna gida. Tsarin mulkin 'yancin kai na 1960 da na jamhuriya na 1963 duk sun bar ƙuri'ar Arewa ga maza kaɗai. Mutanen ƙasar Bagudo sun fi kowa ganin abin mamakin da ke cikin wannan al'amari. A ƙetaren iyakarsu, a ƙasar Dahome wadda ta koma Benin a 1975, da kuma Nijar, dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace. Ke nan mace Musulma da ke zaune a Malanbil tana da ikon zaɓe, 'yar'uwarta da aure ya kawo Illo ko Lolo ko Ka'oje ba ta da shi, alhali alƙiblarsu ɗaya, mazhabarsu ta Malikiyya ɗaya, wani lokaci ma kakarsu ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa layin da Turawa suka ja ne ya raba su, ba hukuncin Allah ba.

Adalci ne a faɗi hujjar waɗanda suka ƙi. Shugabannin jam'iyyar NPC mai mulki sun ce jama'ar Arewa ba su shirya ba tukuna, kuma tilasta musu zai jawo fitina. Waɗansu malamai sun ji tsoron cuɗanyar maza da mata a rumfar zaɓe da keta alfarmar kulle. Tsoron nan ba na banza ba ne, amma maganinsa layi biyu da tsari, ba hana haƙƙi ba. Akwai kuma waɗanda lissafin kujeru kawai suke yi, suka fake da addini.

Malam Aminu ya amsa musu da abin da suka sani. Aya ta 12 ta Suratul Mumtahana ta umurci Annabi ya karɓi mubaya'ar mata muminai da kansu, ba ta bakin mazajensu ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu yake neman ra'ayin mutanen Madina kafin naɗa Sayyidina Usmanu, har matan da ke cikin ɗakunansu sai da ya nemi jin ta bakinsu. A nan gida kuma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajoji suna kai karatu ƙauyuka. Malam ya riƙa nuna cewa shi ba baƙon abu ya kawo ba, gadon masu jihadi ne da aka bari ƙura ta rufe.

Bai tsaya ga magana ba. Ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano tun farkon shekarun 1950, ya ƙarfafa karatun mata manya da ƙanana, NEPU kuma ta kafa reshen mata. A nan ne tauraruwar Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta fito, wadda aka ɗaure sau goma sha shida saboda wannan kira, ta sha duka da wulaƙanci, ba ta ja da baya ba har ta rasu a 2001. Magoya bayan Malam da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, waɗansu aka raba su da gonakinsu, shi kansa kuma an kira shi da sunayen da ba su dace da mai karanta tafsiri a watan azumi ba.

Ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959, ya shiga tawagar Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarun da ƙasashen Afirka ke yaƙar wariyar launin fata. A nan ma tarihi ya nuna yadda cututtukan biyu suke tafiya tare. A Amurka an ba mata ƙuri'a a watan Agusta na 1920, watan da aka haifi Malam, amma baƙaƙen mata na kudancin ƙasar ba su sami damar jefawa sosai ba sai bayan dokar 1965. A Afirka ta Kudu fararen mata sun samu a 1930, baƙar fata kuwa, maza da mata, sai a 1994.

Bayan juyin mulki, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon daga 1967, na sadarwa sa'an nan na lafiya. A 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, aka buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe, tsarin mulkin 1979 kuma, wanda Malam yana cikin waɗanda suka tsara shi, ya tabbatar da ƙuri'a ga duk wanda ya kai shekara 18. Matan ƙasar Bagudo sun jira shekara ashirin kafin su cim ma 'yan'uwansu na ƙetare. A zaɓen 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, gwamnatocin biyu suka soke haraji da jangali. Kafin zaɓen 1983 har Shaihu Abubakar Gumi ya fito yana kiran magidanta su bar matansu su yi rajista su jefa ƙuri'a. Maganar da aka jefi mutum saboda ita jiya, ta zama wa'azi a yau.

Malam ya zaɓi mace ta tsaya masa mataimakiya a takarar shugaban ƙasa ta 1983, amma Allah bai nufa ya ga zaɓen ba. Ya rasu ran 17 ga watan Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Bai bar dukiyar da za a yi faɗa a kanta ba.

Abin da ya rage shi ne rabin aikin da bai ƙare ba. Malam bai taɓa raba ƙuri'a da ilmi ba, domin ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba ta inganta sai da sani. Matar da aka hana karatu, sa'an nan aka ɗauko ta ranar zaɓe aka sayi shaidarta da sabulu ko turmin atamfa, an zalunce ta sau biyu. Uban da ya cire 'yarsa daga makaranta ya ɗora mata talla, da mijin da ya riƙe katin matarsa, da ɗan takarar da ba ya tuna mata sai ranar layi, kowannensu zai amsa tambaya a kan amanar da aka ba shi.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu da rahama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka wa matan da suka sha wuya a wannan tafarki, Ya kuma ba wannan al'umma shugabanni masu tsoronSa. Amin.